Murfin Tukunyar Mma Hamamatu

Kullum in an idar da sallar asuba, kafin mai koko ta gama tace gasara, za ka ji Mma Hamamatu ta shigo lungunmu. Ba takunta ake fara ji ba, ƙarar kwanon da ke kanta ake ji. A cikin kwanon akwai sabulun salo, da soso, da gwangwanin man kaɗe, da wani tsohon murfin tukunya wanda ya lotse ta ko'ina kamar bayan motar haya ta trotro. Gida-gida take bi tana wanke jarirai, ta gasa musu cibiya, ta miƙe musu hannu da ƙafa, ta yi wa mai jego faɗa in ba ta ci abinci ba. Ranar Alhamis kuma sai ta ƙara sikeli a cikin kwanon, ta nufi rumfar da ke gefen makarantar allo, inda ake awon yara, abin da muke ce wa weyin. Ita ke share wurin, ita ke jera benci, ita ke taka kujera ta rataya sikelin, tun kafin Nas Abena ta sauko daga pragya, keken haya mai ƙafa uku, da akwatin allurarta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan aiki. Ba ta da yunifom, sunanta ba ya jikin katin kowane yaro. Amma a Zongon nan na Kumasi, yaron da bai taɓa jiƙa mata zane ba, to baƙo ne.

Makon jiya ta ajiye aiki saboda gwiwa. Matan unguwa suka yi mata walima, aka ce kowa ta tashi ta faɗi abin da ta sani. Da aka zo kaina na miƙe, na yi sallama, aka amsa, na koma na zauna. Abin da ya kamata in faɗa ranar, shi ne na rubuta a nan.

Duk wanda ya san Mma ya san tana da aibi guda ɗaya: murfin nan kullum sai ya suɓuce mata. Ana tsakiyar awo, uwa na tsaye da ɗanta, sai ka ji ƙwaram a kan siminti. Sai ta sunkuya ta ɗauka tana cewa, "Ku yi haƙuri, hannun tsufa ne." Tsofaffin unguwa sun ce tun tana da shekara talatin da biyar take faɗin haka. An tausaya mata sosai. An kawo mata rubutu a galan, an kawo man zafi daga Makka, wata ta kawo saiwar da aka ce daga Bawku aka tono ta. Nas Abena ta auna jininta ba adadi. Wani bawan Allah ya ɗauki murfin ya huda, ya sa masa igiya don ta riƙa ratayawa a wuya, washegari aka ga ta ɗaure buhun gawayi da igiyar. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda hannun da ke riƙe jariri ɗan kwana uku cikin kumfar sabulu, bai taɓa sakin ko ɗaya ba, zai kasa riƙe busasshen murfi. Babu kuma wanda ya tambayi abin da murfi yake yi a wurin awo, alhali babu tukunya.

Ni ma ban tambaya ba, sai da 'yata ta kusa barin hannuna.

A Tamale na haifi Hikima, a gidan surukata, sai da ta yi wata biyu muka dawo Kumasi. Yarinya ce mai kyau, mai ƙoshin lafiya, amma komai firgita ta yake yi. Cokali ya faɗi, kuka. Akuyar maƙwabta ta yi atishawa, kuka. Ladan ya gyara murya a lasifika, tun bai fara kiran salla ba, ita ta riga shi. In ta fara kuwa sai ta sandare, ta yi ja, ta yi baƙi, ba nono ba goyo. Babanta Sulemana gyaran jikin mota yake yi a Magazin, unguwar makanikai, wuni yake yana dukan ƙarfe, kunnensa ya saba, in ya ce miki sannu a hankali sai an amsa daga gida na uku. Mutumin nan sai da ya koma cire takalmi tun daga bakin lungu, yana shigowa da sanɗa kamar wanda ya zo satar kaza a gidansa.

A wurin awo abin ya fi muni. Ana sa yaro a cikin ɗan wandon awo a rataya shi, tsinken sikeli ya tsaya, a rubuta. Hikima kuwa in an rataya ta, tsinken rawa yake yi daga kilo huɗu zuwa tara. Nas Abena ta kan runtse ido ɗaya ta bi shi da kallo, ta gaji, ta rubuta wani abu da fensir ta sa alamar tambaya. Katin kowa da biro, na 'yata da fensir, wata uku a jere.

Kowa da abin da ya gano. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce nonona ne ya yi zafi. Wata tsohuwa ta ce sunan ne bai karɓe ta ba, a canja. Aka yi hayaƙi, aka ɗaura laya, yarinya ta ƙara da tari.

Sai Yaya Rakiatu ta zo daga Atonsu. Ita ce yayar maigidana, ita ta goya shi, ko a waya in tana magana miƙewa tsaye yake yi. A al'adarsu ta Dagombawa, goggo tana da haƙƙi a kan 'yar ɗan'uwanta, in ta ce za ta riƙe ba a hana ta. An saba bari sai yarinya ta yi wayo. Amma Yaya ta zauna awa ɗaya a ɗakinmu, Hikima ta cika awar da kuka, sai ta dubi ƙanenta, ba ni ba, ta ce:

"Sulemana, matarka ba ta iya riƙon yaro ba. Ba zagi ba ne, yarinya ce ita ma. Da 'yar nan ta fara shan koko a yaye ta a kawo mini. Zan zo awon watan bakwai in gani da idona. In har abin yana nan, da zanen goyona zan zo."

Maigidana ya ce, "To, Yaya," a hankali, wato duk gidan aka ji.

Ta juyo gare ni. "Salwa, kin ji?"

Na ce, "To."

Saura mako shida. Na shiga bayan gida na kunna famfo don kada a ji ni.

Washegari Juma'a, da hantsi, sai ga Mma Hamamatu ta yi sallama. Ba ni na kira ta ba, ba kuma ita ta wanke mini jaririya ba tunda ba a nan na haihu ba. Ta sauke kwanonta, ta zauna a bakin gado, ta ce in ba ta ruwa. Na kawo, Hikima na kafaɗata ta yi lamo. Mma ta sha, ta yi hamdala, ta sa hannu a kwano kamar mai neman wani abu, sai ƙwaram.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na ƙanƙame yarinya, na ji bakina yana cewa, "Yi haƙuri, ba ni ba ce." Hikima ta tsandara.

Mma ba ta ɗauki murfin ba. Ta karɓi yarinyar ta kwantar a cinyarta tana shafa bayanta, ta jira har kukan ya sauka, sannan ta ce, "Wa kike ba haƙuri, 'yata? Ni na yar."

Sai ta ƙara tambaya:

"Tsakanin ke da ita wa ya fara firgita?"

"Hikima ce, Mma."

"Ke ce. Sau uku ina gwada ki a wurin awo, yau na huɗu. Kullum ke kike riga ta. Kafaɗarki ta haye kunne, numfashinki ya tsaya, hannunki ya matse ta kamar za a ƙwace. Sannan ita ta ɗauka."

Na dube ta, na dubi murfin a ƙasa. Na ce, "Mma, wato hannunki lafiya lau?"

"Ya fi naki."

"Duk rubutun da aka yi ta kawo miki fa?"

"Na sha. Ayar Allah ce, an kuma kawo da zuciya ɗaya. Saiwar Bawku ce dai ta kwantar da ni kwana biyu." Ta gyara wa Hikima wuya. "In na ce wa uwa tsaya zan gwada ki, za ta shirya, ta yi mini fuskar hoto. In murfin tsohuwa ne ya suɓuce, ba wanda ke shiri. Ni kuma ba yaron nake kallo ba. Yanzu faɗa mini, wa ya riƙe ki?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, har mijina. Na faɗa mata ina kallon yatsun ƙafata. Ina da shekara shida uwata ta rasu, aka kai ni wurin wata daga dangin babanmu mai sayar da tuwo a Ashtown. Aikina wanke-wanke. A gidan nan duk abin da ya faɗi, ko mage ce ta ture, ko iska, muciya ce a bayana. In na yi kuka a ƙara, don kuka na korar masu ciniki. A aji huɗu aka cire ni daga makaranta saboda kwanuka sun yi yawa. Na iya wanke kwano ɗari ba tare da biyu sun taɓa juna ba, har yau in ina wanke-wanke ba a sanin ina gida.

"In ta fara kuka me kike ji?" in ji Mma.

"Ji nake kamar wani zai shigo."

"Sai ki yi me?"

"Sai in jijjiga ta da sauri in ce yi shiru, yi shiru."

"To ita me za ta ce? Uwata ta tsorata, ashe akwai abin tsoro, bari in ƙara." Ta ɗaga yarinyar suka dubi juna. "Wannan ba ta san mage ba, ba ta san muciya ba. Jikinki kawai ta sani. Wata tara tana ciki tana jin zuciyarki, yanzu tana bayanki tana ji. Kuma ita ma da nata halin ta zo, mai saurin ji ce. Kun haɗu ke nan."

Na ce, "Ashe gaskiyar Yaya ce. Ni ce na ɓata ta."

Nan ne kaɗai na taɓa ganin Mma ta ɓata rai. Ta ce, "Ke kika ɗauki muciyar? Kada in sake ji. Kuma ba doka ba ce. Na ga waɗanda suka sha abin da ya fi naki, 'ya'yansu ko tsawa ba ta tashe su. Na ga waɗanda shirun 'ya'yansu ne ya yi yawa har ya ba ni tsoro. Wani kukan kuma ciwon ciki ne, wani kunne, shi ya sa Allah ya yi Nas Abena. Amma naki na gani, kuma ana rage shi. Gobe ki dafa ruwa."

Mma, ke ce kika fara ce mini ba ni ba ce, bayan na shekara ashirin ina faɗa ba wanda ya yarda.

Daga ranar aka buɗe abin da matan gidanmu suka sa wa suna makarantar murfi. Kullum in ta gama zagayen jarirai sai ta biyo ta wurina. Ta wanke Hikima, ta shafe ta da man kaɗe, ta miƙo mini ita mu fuskanci juna. Sai ta yar da murfi. Aikina shi ne in saki numfashi, in sauke kafaɗa, in dubi yarinya in ce, "Murfi ne, Hikima." Ranar farko na ba da haƙuri sau bakwai. Rana ta uku na ce "Murfi ne, yi haƙuri." Mma ta ce an samu rabi.

In kukan ya ɓarke kuma, ba ta bari in jijjiga. Sai ta sa in zauna, in jingina da bango, in rungume yarinya a ƙirji, ita kuma ta dafa kafaɗata ta danna ƙasa. Ta kan ce, "Bar ta ta yi. Ba mai shigowa. Gidan nan ba a dukan mai kuka." Ban san wa take gaya wa ba a cikinmu biyu. Tana shafa mai tana tambayata labarin Ashtown kaɗan-kaɗan, yau ɗaya gobe ɗaya. Wani lokaci in yi hawaye, wani lokaci mu yi dariya, kamar ranar da na tuna an taɓa dukana saboda kwakwar da ta faɗo a kan rufin maƙwabta.

A mako na biyu ta ce ni zan riƙa yarwa da hannuna. Nan ne magana ta lalace a gidan haya. Matar mai gida ta leƙo ta ga murfi ya suɓuce daga hannuna, Mma na zaune tana kallo. Kafin azahar labari ya kai bakin titi cewa ciwon hannun Mma Hamamatu ana ɗauka, ga shi ta shafa wa amaryar Sulemana. Aka ware mini kofina a bakin randa. Wata ta hana ni ɗaukar ɗanta. Wadda ta kawo wa Mma saiwar Bawku ta aiko mini da ragowar. Na ce, "Mma, mu faɗa musu mana." Ta ce, "In kin faɗa, da me zan yi aiki ranar Alhamis? Ki karɓi kofinki. Saiwar dai kada ki sha."

Maigidana ne kaɗai muka gaya wa, shi ma da mun sani da ba mu gaya masa ba. Don ya taimaka, sai ya dawo daga Magazin da murfin tayar babbar mota, ya ce na Mma ya yi ƙanƙanta, in ana son aiki ya yi sauri a yi da wannan. Kafin a hana shi ya sake shi a tsakar gida. Kajin gidan suka haye katanga, wani tsoho mai alwala ya zubar da butarsa, ni da Hikima muka koma ranar farko. Mma ta bi shi da soso har bakin ƙofa. "Kai, ɗan nan, mutum ake gyarawa a nan, ba bodin mota ba. Aikinka shi ne in ta yi kuka ka karɓe ta, uwar ta sha iska. Kuma ka daina raɗa, raɗarka ta fi maganarka ƙara."

Ba zan ce abin ya tafi kamar an ɗauke da hannu ba. Hikima ba ta daina firgita ba, ni ma haka. Abin da ya canja shi ne, in ta firgita sai ta nemi fuskata. In ta ga ba komai a wurin, kukan da ke cin rabin awa sai ya ci minti biyu. Wata rana ladan ya gyara murya, ta buɗe baki, ta dube ni, ta fasa. Na ji kamar in je in yi wa ladan godiya.

Alhamis ɗin awon watan bakwai, rumfa ta cika, domin kowa ya ji labarin. Yaya Rakiatu ta sauko daga pragya da sabon zanen goyo a leda, da kwalbar shayar da yaro, ta zauna a bencin gaba ta ɗora jaka a cinya. Aka kira katinmu. Nas Abena ta ajiye biro ta ɗauki fensir tun kafin mu iso.

Na sa Hikima a wandon awo, Mma ta rataya ta. Ta fara ƙunƙuni, tsinke na 'yar rawa. Sai na ga hannun Mma ya nufi kwano. Na roƙe ta da ido, na ce a raina, yau dai a bar shi, Mma, yau kaɗai. Ko kallona ba ta yi ba.

Ƙwaram.

Na ji shi a bayana, daidai inda muciya ke sauka. Amma na saki numfashin. Na sunkuya na ce, "Murfi ne, Hikima." Ta watsa hannuwa, leɓenta ya karkace, ta yi ƙara guda ɗaya. Ta dube ni. Sai ta kama igiyar wandon ta sa a baki. Tsinke ya tsaya cak.

"Bakwai da ɗigo biyu," in ji Nas Abena. Ta dubi fensirin hannunta, ta ajiye, ta ɗauki biro.

Sai a lokacin na lura rumfar ta yi tsit, kuma ba mu ake kallo ba. Na waiwaya. Yaya Rakiatu tana tsugune a gaban benci, hannu biyu a ka, jakarta a ƙasa, kwalbar na gangarawa. Ta faɗi wata magana da Dagbanci, wadda daga baya maigidana ya ce mini ma'anarta ita ce ba zan sake ba.

Ta miƙe da sauri tana kakkaɓe zane. "Tsohuwa, hannunki ba kyau koraa, ko kaɗan. Ki je asibiti."

Mma ta ɗauko mata jakar. "Sannu, Hajiya. Wa ya riƙe ki?"

"Wace irin tambaya ce wannan a cikin mutane?"

"Irin wadda nake yi wa kowa."

Yaya ta gyara mayafi, ta dubi titi, ta ce, "Goggonmu. Shekara tara a Savelugu."

"Ta kyauta miki?"

"Ta koya mini aiki."

"Na gani," in ji Mma.

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Mma ta sauko da Hikima daga sikeli ta ɗora ta a hannun Yaya. "Riƙe 'yarki, Hajiya, haƙƙinki ne, ba mai musu. Riƙe ta da kyau in sake yarwa, mu ga yadda za ku yi a Atonsu."

"Ajiye abin nan."

"Sau ɗaya kawai."

"Na ce ki ajiye." Kafaɗar Yaya ta riga ta haye kunne. Hikima ta dubi fuskarta ta fara tattara baki. Yaya ta yi ta kallonta, ta daɗe, sannan ta juyo ta miƙo mini ita. Ta tura mini ledar zanen da ƙafa. "Ki riƙa goya ta da wannan, naki ya koɗe. In ta girma ma yi magana."

"In ta girma ta zo miki hutu," in ji Mma. "Da uwarta."

Yaya ta tsinci kwalbarta ta tare pragya. Hikima yanzu shekararta biyu da rabi, tana ɗakina, ita ke kwashe mini murafan tukwane tana kiɗa da su. Yaya kuwa ta koma zuwa duk Juma'a da hantsi, wai duba yarinya. In ta zo sai ta ja kujera kusa da Mma, su yi ta magana ƙasa-ƙasa.

Ranar awon nan ce asirin murfi ya tonu. Nas Abena ta riƙe ƙugu ta ce, "Ei, Maame, shekara goma sha biyu ina auna jininki saboda murfin nan." Mma ta ce, "Ai kin kyauta, da ba ki auna ba da ban san lafiyata ƙalau ba." Matar mai gidanmu ta mayar da kofina cikin na mutane.

A wurin walima na gane ba ni kaɗai ba ce. Nuriyya mai ɗinki ta ce ita da murfi ya faɗi ko motsi ba ta yi ba, ɗanta ma haka, suka yi zuru kamar gumaka biyu. Mma ta bi ta gida, ta gano a gidan da ta tashi in babanta ya fara faɗa, wanda ya motsa shi ke sha. Wata uku Mma tana koya mata yi wa jariri wasa da gwalo. Wata kuma ta ce ita ta yi tsalle, jaririnta ko ƙifta ido bai yi ba, Mma ta kama hannunta a take ta kai ta gaban Nas, aka tura su babban asibiti, ashe kunne ne, aka kama da wuri. Mata goma sha ɗaya suka tashi, kowace da ranar da murfi ya faɗi a gabanta.

Aka tambayi Mma inda ta samo shi. Ta juya shi a hannu ta ce, "Na gidan da aka riƙe ni ne. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, shi kaɗai na ɗauko. Na ce tunda an dake ni a kansa, ai ya zama nawa."

Ana cikin raba waakye, wato shinkafa da wake, aka miƙa mata kofin shayi, sai ya suɓuce ya faɗi. Mata sittin suka yi tsit, kowa ta sauke kafaɗa, ta saki numfashi, tana satar kallon ta kusa da ita don ta ga wa ya fara firgita. Ba wadda ta tashi. Mma ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wannan fa da gaske ne. Hannun tsufa ne." Aka yi dariya aka ce mun gane, Mma, ba za ki sake kama mu ba. Sai da Yaya Rakiatu ta tashi ta ɗauko kofin, ta wanke, ta sake zubawa, ta riƙe mata har ta sha.

Mma Hamamatu, uwar masu jego, mai kallon uwa in ɗa ya yi kuka. Ke ce kika yarda a ce miki mai mataccen hannu shekara talatin, kika sha saiwar da ba ki buƙata, don ki ga abin da muke ɓoyewa. Ba ki karanta littafi ba, ba ki taɓa ce wa wata laifinta ne ba. Na gode. Hikima ta gode, ko da yake ba ta san an taɓa sayen zanen da za a tafi da ita ba. Allah ya sauƙaƙa miki gwiwa, ya riƙe miki hannun nan da ya riƙe mu, ya sa ki gama lafiya.

Murfin yana nan a rataye a jikin ƙusa a rumfar awo. Ya daina kama kowa tunda an san shi, amma tambayar ba ta buƙatar murfi. In kuka ga jariri ya cika kuka, kafin ku canja masa suna ko ku yanke wa uwarsa hukunci, ku kai shi Nas ta duba, sannan ku zauna kusa da uwar ku tambaye ta wa ya riƙe ta, ku kuma jira amsa. Ku da kuke riƙe da 'ya'yan wasu a yau, a gidajen tuwo da shaguna daga nan har Adum, ku tuna yarinyar da ke bakin famfo wata rana za ta goya nata. In kwano ya faɗi, ku ɗauki kwanon.